Keke da tirela a bakin shataletale: shaidar mai gyaran keke

Sana'ata gyaran keke ce a Kano, kuma kafin in zauna a rumfa na yi wasu shekaru ina yaron babbar mota. Iyakar abin da zan faɗa a kaina ke nan, shi ma don a san cewa na ga titi daga kan sirdi, na kuma gan shi daga cikin kan tirela. Sauran maganar ta kekunan da ake kawo mana ce bayan tsautsayi ya faɗa, domin inda keke ya lanƙwashe shi ke gaya maka yadda abin ya faru.

Keken da ƙaramar mota ta buga ta baya, kariyar ɗaukar kaya da tayar baya ne ke shigewa ciki. Wanda ya yi gaba da gaba da adaidaita sahu, ƙafar gaba ce ke komawa baya har taya ta taɓa jikin keken. Amma wanda tirela ta taka a shataletale kamanninsa daban ne. Sau da yawa tayar gaba lafiya lau, ƙararrawa ma in ka taɓa za ta kaɗa. Tayar baya ce za ka samu ta baje kamar faifai, fedar hagu ta manne da jikin keken, hannun hagu ya goge har ƙarfe ya fito. Wannan ba aikin gaban mota ba ne. Tayoyin baya ne na ɓangaren dama, waɗanda direban bai ma san sun hau wani abu ba sai da jama'a suka bi shi da ihu suna dukan bodi.

Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da aka yi canjin hannu, a dama muke tuƙi a Najeriya, kamar yadda ake yi a Nijar. Saboda haka in ka shiga shataletale, da'irar tsakiya tana hagunka, duk hanyoyin fita kuma suna damanka. Mai keke kuwa tun yana yaro abin da ake gaya masa shi ne ya kama gefensa. A miƙaƙƙen titi wannan shawara ce mai kyau. A shataletale ita ce tarkon, domin wanda ya manne da gefen dama yana kewayawa, bakin kowace mafita yake giftawa, kuma duk motar da za ta fita sai ta ratsa ta inda yake.

Da ƙaramar mota ce da sauƙi, ta wuce cikin ƙiftawar ido. Tirela tsawonta ya kan kai mita 16 zuwa 18, kuma tayoyinta na baya ba sa bin sawun na gaba. In an yi ruwa ka je inda manyan motoci ke shan kwana a kan ƙasa, a kasuwar Dawanau ko a Sharaɗa, ka duba sawu. Na kai ya yi faɗi ya zagaya, na baya ya yanke ta ciki. Tazarar da ke tsakaninsu ta kan kai mita 2, har 3 in kwanar ta matse. A shataletale sau uku wannan yankewa ke faruwa. Wajen shiga kai ya karkata dama, tayoyin baya su matso dakalin gefen titi. Ana cikin kewayawa su koma su matsi da'irar tsakiya. Wajen fita su sake dawowa dama, wani lokaci har su hau dakalin. Shi ya sa za ka ga dakalin bakin shataletale a farfashe, da baƙin sawun taya a kai. Wannan sawun, daidai nan mai keke ke tsayawa ya dafa ƙafa yana jira.

Direban da ya san aikinsa ya san da wannan, shi ya sa kafin ya sha kwanar dama sai ya fara buɗewa hagu don ya bai wa bayansa wuri. Nan take fili ya buɗe a damansa, faffaɗa, har mota ma za ta iya shiga. Masu keke da masu babur su ɗauka hanya aka ba su, su kutsa. Wannan filin da mai shi: na tayoyin baya ne, kuma cikin daƙiƙa 3 ko 4 za su iso. Yana rufewa ne ta baya kamar almakashi, a hankali, har mutum ya ga bodi na matso shi ya kuma rasa inda zai yi, dama dakali ko lambatu, hagu taya mai tsayi har ƙugunsa.

Mutane kan ce direbobin manyan motoci ba su da imani. Akwai marasa haƙuri a cikinsu, ban musa ba. Amma duk wanda ya taɓa zama a wannan kujera ya san abin da ido ba ya kaiwa. Direba yana hagu, sama da rufin ƙaramar mota. Madubin dama yana can ƙetaren kan motar, in ma yana nan, don wani ya fashe an ɗaure rabinsa da roba, wani kuma labule da kayan ado sun tare gilashin. Tun daga ƙarƙashin ƙofar dama har zuwa wani yanki na bodi, mai keke ya ɓace masa. Dab da gaban motar ma haka, musamman mai dogon hanci irin Mack. Sannan ga wani abu da ba kowa ya sani ba: da zarar kai ya karya dama ya bar bodi a baya, madubin dama ba abin da yake nunawa sai jikin bodin kansa. Wato a daidai lokacin da tayoyin suke nufo ka, a lokacin ne madubin ya daina aiki. Ƙara da cewa a bakin shiga idon direba yana hagu, yana neman sarari tsakanin motocin da ke kewayowa, kai kuwa kana damansa. Ƙararrawarka ba ta wuce ƙarar inji.

Ba ya kuma son tsayawa. Tirelar siminti mai buhu 600 tana ɗauke da tan 30 ban da nauyin kanta. Tankar mai lita 33,000 ce ko 45,000. Tayar da irin wannan daga tsaye aiki ne, shi ya sa yake lallaɓowa da ƙaramar giya yana fatan ya samu sarari ba tare da ya tsaya cak ba. In ma ya gan ka ya taka birki, birkin iska ne, sai iska ta bi bututu ta kai ƙafafun baya kafin ya kama. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa tana cin fiye da mita 8 a kowace daƙiƙa. Tankar da ba ta cika ba kuma, in aka taka birki man da ke ciki ya kan taho gaba ya ƙara tura ta bayan ka ɗauka ta tsaya. Dokar hanya ta ce wanda ke cikin shataletale shi ke da hanya, mai shigowa ya jira. Haka ne, kuma ka san wannan dokar. Sai dai kada ka gwada ta a gaban tanka.

To yaya za a yi? Tun kana kamar mita 50 da shataletalen ka waiwaya ta kafaɗar hagu ka ga abin da ke binka. Waiwayen nan ma sai an koya. Yawancin mutane in suka juya kai hagu, hannu ya bi, keken ya karkata cikin titi ba su sani ba. Maganinsa ka sassauta riƙon hannun hagu, ka ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, ka juya haɓa zuwa kafaɗa ba duk jiki ba. Ka je filin ƙwallo ka bi layi ɗaya kana waiwaye har sai ka ga taya ba ta barin layin.

In babbar mota ce a gabanka, ka zauna a bayanta. Kada ka shiga gefenta ko da tsaye take, ko da ka ga babura goma sun shige. Ka bar tsawon keke 3 tsakaninku, kamar mita 5, domin in wurin da ɗan gangara ta kan dawo baya kafin ta ɗauki giya. Ka ɗan karkata hagu yadda za ka hango madubin direba. In kana ganin fuskarsa a ciki, zai iya ganinka.

In kuwa kai ka riga isa bakin shiga, kada ka tsaya a jikin dakali ka bar fili a hagunka, don gayyata ce ga mota ta zo ta jera da kai. Ka tsaya a tsakiyar hannun, gaba sosai, ka waiwaya ku haɗa ido da direban da ke baya, in ya kama ka ɗaga masa hannu. In duk da haka tirela ta zo ta jera da kai, ka ga ƙofarta a kafaɗarka, magana ta ƙare: ka sauka, ka ɗaga keken ka hau dakali, ka ja baya da bakin titi taku 2 ko 3, ka bari har wutar bayanta ta wuce.

Akwai wata dabara da matasa ke yi wadda nake jin tsoronta fiye da komai. Sai su jera da tirela ta dama a bakin shiga, su ce garkuwa ce, tunda in ta kutsa duk motocin da ke kewayowa dole su tsaya. Lallai ta kare ka daga waɗancan, amma ta ajiye ka a hanyar tayoyinta. In kana son ka ci moriyar hanyar da ta buɗe, ka bi bayanta. Haka ma masu kama ƙarfen bayan tifa don ta ja su: hannu ɗaya ke kan keke, ba ka ganin rami, kuma ita tifa da doguwar bas in suka sha kwana, abin da ya zarce tayar baya ya kan yi wurgi zuwa ɗaya gefen ya share wanda ke wurin.

Wanda ya riga ya tsinci kansa a tsakanin bodi da dakali, mota na tafiya, kada ya ce zai taka da ƙarfi ya riga ta. Lissafin ba ya fita. In kana gudun kilomita 15 ita tana 25, sai ta ɗauki kamar daƙiƙa 6 kafin ta gama wuce ka, kuma duk tsawon lokacin filin ƙara tsukewa yake. Ka kama birki, ka faɗa dama, ko cikin lambatu ne. In keken ya maƙale ka sake shi.

Shiga kanta tana son shiri. Kekunanmu na gargajiya, Raleigh da Phoenix da Hero, giya ɗaya gare su kuma suna da nauyi, tashinsu daga tsaye a hankali ne. Tun kana jira ka ɗago fedar ƙafarka mai ƙarfi ta zo sama da gaba, ƙafa a kai, yadda taku ɗaya zai fitar da kai. Mai tsayawa da feda a ƙasa sai ya yi ta dangwale da ƙafa a tsakiyar titi yana neman tashi. Ka nemi sarari na daƙiƙa 4 ko 5. In mai tahowa babbar mota ce, ka shiga bayan ta wuce, ba gabanta ba.

A ciki ka riƙe tsakiyar hannunka. Na san wannan yana yi wa mutane nauyi, don za a yi maka hon, wani ma ya leƙo ya ce ko titin na gidanku ne. Wanda ya yi maka hon ya gan ka ke nan. Kuma a ƙaramin shataletale motoci ma ba su wuce kilomita 20 zuwa 30 ba, ba wani tsaiko kake jawowa ba, daƙiƙa 10 ka fita. In za ka gifta mafitar da ba taka ba, ka miƙa hannun hagu don na baya ya san kewayawa za ka ci gaba da yi. Motocin da ke jiran shiga kuwa, tayarsu ta gaba za ka duba, ita ke fara nuna motsi da inda aka nufa. Sigina a garin nan ba abin dogaro ba ce: wata ta mutu, wata tun Zariya aka manta da ita a kunne, wani kuma ya kunna duka biyun yana nufin miƙewa zai yi.

Da ka wuce mafitar da ke kafin taka, ka miƙa hannun dama, ka waiwaya ta dama saboda babur mai kutsowa, ka fita. A nan sai ka san wane hannu ne ke riƙe da wane birki. A irin kekunan Ingila da na Indiya da Sin masu birkin ƙarfe, dama na gaba ne, hagu na baya, to in ka saki dama birkin baya ya rage maka, ba laifi. Kekunan gwanjo da yawa akasin haka suke. Ka gwada naka tun a gida, don kama birkin gaba da hannu ɗaya a kan kwana faɗuwa ce.

Bakin mafita ma da nasa ciwon kan. Tun da aka hana acaba a Kano a 2013, adaidaita sahu ta cika gari, kuma ba inda take son tsayawa ɗaukar fasinja kamar bakin shataletale. Kana fitowa sai ka ga ta ci birki a gabanka. In ka kauce hagu ba waiwaye, ka faɗa gaban motar da ta biyo ka fita. Tsayawa a bayanta ya fi. Ga mai bin wanwe da zai ɓullo maka gaba da gaba, ga mai talla da faranti a ka. In kuma ɗan KAROTA, wato jami'in hukumar kula da zirga-zirgar titi ta Kano, ne ke ba da hannu a wurin, hannunsa za ka bi, amma ka tuna tirelar da ya tsayar ba nan take za ta tsaya ba.

Duk wannan na ƙaramin shataletale ne ko matsakaici. Babba mai hannu 2 ko 3, irin na hanyar da manyan motoci ke bi dare da rana, kamar titin Katsina wajen Baban Gwari ko ɓangaren Hotoro inda tankoki ke zirga-zirga, in hagu za ka yi, wato mafita ta uku, shawarata ka sauka ka tura. Ka ƙetare hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, nesa da bakin shataletalen da kamar mita 20, inda motoci suka riga suka miƙe kana ganin inda suka dosa. Minti 2 ko 3 ne. Ni ban ga abin kunya a ciki ba, dattawan da suka shekara 40 a kan keke haka suke yi, yara ne ke ganin gazawa ce. Gadojin sama da aka yi a Ƙofar Nasarawa da Dangi da Hotoro sun rage cunkoso, amma mai keke yawanci ta ƙasa yake bi, inda hanyoyi ke haɗuwa, ga ginshiƙai suna tare ido.

Ƙasan titin ma abin dubawa ne. Yashin da tifofi ke zubarwa da tsakuwa duk a gefen waje suke taruwa, wani dalilin ke nan na barin gefen. Gas da baƙin mai kuma a kwana suke tsiyaya daga tankin da ba a rufe da kyau ba. In ka ga kwalta na ƙyalli da launuka bayan yayyafi, santsi ne kamar kuɓewa. Ka rage gudu tun keken yana miƙe, cikin kwana kuwa ka bar birkin gaba. In ka daina takawa, fedar da ke ɓangaren da ka karkata ta kasance a sama, in ba haka ba ta daki ƙasa ta ɗaga tayar baya. Ruwan farko na damina shi ya fi muni, don shi ke tayar da man da ya kwanta tun rani. Rim na ƙarfe in ya jiƙe, birki ba ya kamawa sai taya ta juya sau 2 ko 3 robar ta share ruwan, don haka ka riƙa ɗan matsa shi tun daga nesa.

Sai keken kansa, nan ne kuma nake yawan faɗa da masu kawo gyara. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane suka fito da kekunan da suka shekara a jingine, a sa musu iska kawai a hau titi. Robar birki ta bushe ta zama kamar dutse. Ya kamata ta tsaya milimita 2 zuwa 3 daga rim, ta kama tun ka matsa rabi. In hannun birki na taɓa kan keke kafin taya ta tsaya, ba ka da birki. Rim da ya karkace ba ya bari a matso da robar, sai an fara miƙe shi. Sarƙa in ta saki, wajen taku na farko mai ƙarfi take zamewa, wato daidai lokacin da ka shiga gaban motoci. Kan keke kuma ka matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa shi, in ya juya shi kaɗai a ɗaure.

Kaya su ne sauran. Jarkar ruwa mai lita 25 kilo 25 ce, huɗu sun zama 100, duk a bayan sirdi, gaba ya yi sakayau ya riƙa rawa, birki kuma ya ƙara nisa. Buhu a kwantar da shi ƙasa-ƙasa a ɗaure tamau, kada ya zame gefe ɗaya a kwana. Mai ɗaukar rake ko kara ko katako a gicciye ya sani faɗinsa ya kai na adaidaita, kuma kan raken ne ƙugiyar bodi ko igiyar tamfol za ta fara kamawa ta juya shi ƙarƙashin mota. A ɗaure su a tsawon keken, a shataletale kuma a sauka a tura. Babbar riga a naɗe ta a kafaɗa, ƙafar wando ta dama a soke ta cikin safa ko a ɗaure da roba saboda sarƙa.

Lokutan da na fi tsoro su ne asuba da manyan motoci ke shigowa gari da direban da ya kwana tuƙi, da almuru, musamman a azumi dab da shan ruwa, da kwanakin hazo da ba a gani nesa. Fitilar dinamo tana mutuwa da zarar ka tsaya, kuma a bakin shiga tsaye kake. Ka sami mai caji, fara a gaba, ja a baya, ta bayan a ɗaure ta inda kaya ko riga ba za su rufe ba. Tirela kuma ta gefe take riskarka, inda fitilun nan biyu ba sa haskawa, don haka ka sayi irin ledar nan mai ƙyalli da ake mannawa a jikin manyan motoci, ka yanka ƙanana ka liƙa a fedoji da marfin taya da wayoyin ƙafa biyu, ka kuma riƙa goge ƙurar da ke rufe su duk safiya.